Kafin A Ce An Gano Magani: Yadda Ake Ƙera Sinadarin Da Ke Ƙara Wa Ƙofar Sel Ƙarfi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi bayani a kan wani reshe na ilimin harhaɗa magunguna da ba a cika kawo shi cikin Hausa ba, wato ƙera sinadarin da ke ƙara wa ƙofofin ƙwayoyin jiki ƙarfi, alhali magungunan da ya haifar suna nan jere a kemis-kemis na Katsina da Daura. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne saurin da ake yi wajen shelar an gano magani da zarar an jiƙa saiwa ko ɓawo, an ɗura wa ɓeraye, an ga wani canji. Ganin canji daban, gano magani daban. Sai an nuna wace ƙofa ce sinadarin ya taɓa a jiki, da yawan da ake bukata kafin ya taɓa ta, da kuma waɗanda ya ƙyale.

Jikin mutum an gina shi da ƙananan ƙwayoyi da masana ke kira sel. Kowane sel yana lulluɓe da wani tantani na kitse wanda kaurinsa bai wuce kimanin nanomita 5 ba, amma gishiri da sukari ba sa iya ratsa shi. Kamar ganuwar Katsina ce ta da: wanda zai shiga gari sai ta Ƙofar Guga ko Ƙofar Marusa ko Ƙofar Ƙaura. Ƙofofin sel kuwa furotin ne da ke dashe cikin tantanin. Wasu kafa ce kawai da ke buɗewa ta rufe, wasu famfo ne mai tura abu da ƙarfi, wasu kuma 'yan tsaro ne da ke karɓar saƙo daga waje su isar da shi ciki. Fiye da rabin magungunan da ake sha a duniya a kan irin waɗannan furotin suke aiki. Sai dai galibinsu toshewa suke yi. Amlodipine na hawan jini yana toshe kafar kalsiyam, omeprazole na gyambon ciki yana tsayar da famfon da ke zuba ruwan tsami a tumbi, allurar lidocaine da ake yi kafin ɗinki tana rufe kafar sodiyam a jijiya. Toshe rami ba wuya, duk abin da ya dace da bakinsa ya wadatar. Sa ƙofa ta ƙara aiki shi ne jan aiki, domin dole sinadarin ya sami wani lungu a gefen furotin ya zauna, ya sa furotin ya fi son siffarsa ta buɗe, ba tare da ya tare hanyar da shi kansa ba.

Duk mai wannan aiki yana riƙe da lissafi guda a kansa. Abin da ke ratsa tantani daidai yake da yawan ƙofofin da ke wurin, sau rabon lokacin da kowace ke kasancewa a buɗe, sau abin da ke wucewa ta ƙofa ɗaya idan ta buɗe. Saboda haka kafin a taɓa kwalba ko ɗaya, sai an san wanne ne cikin ukun ya lalace. Wanda bai tantance wannan ba zai shekara yana neman mabuɗin ƙofar da ba a ma kafa ta ba.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne furotin mai suna CFTR, kafar da kulorayid ke bi ya fita daga sel, ruwa ya bi bayansa ya tsinka majina a huhu da hanji. An gano ƙwayar gadonsa a 1989, kuma tubalansa na amino asid 1,480 ne. Idan ya lalace sai a sami cutar sistik faiburosis, wadda majina ke yin kauri har ta toshe huhu. Ta fi yawa ga Turawa, amma ana samunta a Afirka ma. Lalacewar iri-iri ce. A wadda ake kira G551D, ƙofar tana nan daram a tantani amma da ƙyar take buɗewa, tamkar rijiyar Kusugu a zamanin macijin nan: ruwa na ciki, amma sai ranar Juma'a ake ɗiba. A wadda ake kira F508del, wadda ita ce ta fi yawa, furotin ne ke naɗuwa ba daidai ba tun a cikin sel, sai sel ya rushe shi kafin ya kai tantani. Ta farko tana bukatar mai tsawaita buɗewa, ta biyu tana bukatar mai gyara naɗi. Kamfanin Vertex ya tace sinadarai kusan 228,000 kafin ya sami tushen da aka sassaƙa ya zama ivacaftor, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Janairun 2012 domin masu G551D. Shi kaɗai bai yi wa masu F508del wani abin kirki ba, domin ƙofofin da zai buɗe ba su iso ba. Sai da aka haɗa shi da masu gyara naɗi, aka fito da Orkambi a 2015, sannan Trikafta a 2019, haƙa ta cimma ruwa. Daga gano ƙwayar gado zuwa maganin farko shekara 23 ke nan, kuma da kuɗi da kayan aikin da ba mu da su.

To yaya ake tacewar? Za mu kawo hanyar da ɗakin gwajin Alan Verkman na San Francisco ya yaɗa, domin tana da araha. Ana ɗauko wani nau'in sel na ɓera mai suna FRT, wanda aka zaɓa saboda kulorayid ba ya ratsa shi da kansa. A dasa masa furotin da ake son gwadawa, a kuma dasa masa wani furotin mai ƙyalli ruwan ɗorawa, YFP, wanda aka gyara shi yadda ƙyallinsa zai dushe da zarar ayodayid ya taɓa shi. Ayodayid yana bin kafar da kulorayid ke bi, don haka saurin dushewar haske shi ne ma'aunin buɗewar ƙofa. Ana shuka sel kimanin 20,000 a kowane gurbi na faranti mai gurabe 96, mai baƙin bango domin hasken wani gurbi kada ya leƙa na maƙwabcinsa, a ajiye a akwatin ɗumi mai digiri 37 da iskar kabon dayoksaid kashi 5 cikin 100 har su rufe gindin gurbin. In F508del ake gwadawa, akwai dabara: a sauke ɗumin zuwa digiri 27 na kwana guda, domin sanyin yana sa wasu daga cikin furotin ɗin su naɗu daidai su isa tantani.

Sinadaran gwaji ana narka su ne a DMSO, wani ruwan narka sinadarai, a ƙarfin milimola 10, a tsinka sau 1,000, ya zama maikuromola 10 a gurbi, DMSO ɗin kuma kashi 0.1 cikin 100. In ya haura kashi 0.5 zuwa 1, shi kansa zai fara taɓa tantanin ya gurɓata sakamako. Ana wanke gurabe, a zuba sinadarin tare da forskolin, wanda ke ɗaga cAMP, wani sinadarin isar da saƙo a cikin sel, ya tayar da CFTR, a jira minti 10 zuwa 15. Sai a sa farantin a na'urar karanta haske, ta haska da haske mai tsawon zango kimanin nanomita 500 ta karanta wanda ya dawo a kimanin 535. Ta karanta daƙiƙa 2 tukuna, sannan ta fesa ruwan ayodayid, ta ci gaba da karatu na daƙiƙa 12. Dole na'urar ta kasance mai fesawa da kanta. Wanda ya zuba da hannu ya ruga ya rufe murfi, kafin ya danna maɓalli an gama abin da yake son gani.

Akwai wuri guda da masu koyo ke yawan faɗawa, wato yawan abin tayarwa. Idan aka cika forskolin har ƙofar lafiyayyen furotin ta buɗe iyakarta, babu sauran wurin da sinadarinka zai nuna ƙari, sai ka zubar da zinariya kana zaton ƙasa ce. Idan kuma ba a sa komai ba, mai ƙarfafawa na gaskiya ba zai yi motsi ba, tunda shi ba ya buɗe ƙofar da ba a ƙwanƙwasa ba. Al'adar masu wannan sana'a ita ce a sa gwargwadon abin da zai ba da kashi 20 cikin 100 na cikakken aiki, a bar 80 a matsayin filin da za a ga ƙari.

Kowane faranti kuma sai ya ɗauki shaidunsa: jerin gurabe masu DMSO zalla, da jerin masu sinadarin da aka riga aka san yana aiki. A gwajin CFTR, genistein ake sawa a maikuromola 50, kuma wannan sinadari daga waken soya yake. Daga shaidun nan ake fitar da lambar Z', wadda ke faɗin ko farantin abin yarda ne. A haɗa warwatsuwar shaidun biyu, wato yadda karatun gurabensu ke kauce wa matsakaicinsu, a ninka sau 3, a raba da tazarar da ke tsakanin matsakaitansu, a cire amsar daga 1. A ce mai aiki ya ba da 100 da warwatsuwar 8, marar aiki ya ba da 10 da warwatsuwar 5: 13 sau 3 ya zama 39, a raba da 90, a cire daga 1, an sami 0.57, farantin ya ci. In warwatsuwar ta kai 15 da 10, amsar 0.17 ce. Duk farantin da ya gaza 0.5 kwandon shara ya dace da shi, ko da kuwa a cikinsa ne aka ga abin da ake ta fata.

Yanzu ga inda muke son masu binciken itatuwanmu su kasa kunne. Mafi yawan abin da ya yi kamar ya ci a zagayen farko ƙarya ne, kuma tsirranmu gwanaye ne wajen irin wannan ƙarya. Aduwa cike take da safonin, sinadari mai kumfa irin ta sabulu. Yana huda tantanin, ayodayid ya kwarara ciki, haske ya mutu nan take, mai gwaji ya yi murna alhali ganuwar ya rusa. Bagaruwa tana da tanin, wanda shi ne dalilin da majema ke jima da ita: yana manne wa kowane irin furotin ba zaɓi, don haka yana iya nuna aiki a kusan kowane gwaji. Jan launin zoɓo yana shanye haske a wajen nanomita 520, daidai wurin da na'urar ke karatu, sai a ga dushewar da ba ruwanta da ƙofa. Kafeyin na goro da danginsa, idan sun yi yawa, suna hana sel rushe cAMP, ƙofar ta buɗe ba don an taɓa ta ba, don dai an ƙara wa mai ƙwanƙwasawa ƙarfi ne. Kurkum ma ya taɓa ruɗar manya: a 2004 an buga a mujallar Science cewa sinadarinsa ya gyara F508del a jikin ɓeraye, wasu ɗakunan gwaji suka maimaita ba su ga haka ba. Akwai kuma sinadarai masu ƙin ruwa da ke dunƙulewa su zama ƙananan curi idan an kai wani ƙarfi, curin ya riƙa manne wa furotin. Alamar su ita ce aikin ya tashi farat ɗaya daga babu zuwa cikakke, maimakon hawa sannu a hankali.

Maganin wannan duka gwajin ƙaryatawa ne, kuma ba shi da tsada. A maimaita a kan sel mai YFP wanda ba a dasa masa ƙofar ba, in haske ya dushe a nan ma, an kama ɓarawo. A maimaita tare da sanannen mai toshe ƙofar, wato CFTRinh-172 a maikuromola 10, in aikin bai ɓace ba to ba ta wannan ƙofa yake bi ba. A auna cAMP. A auna ko sel na raye bayan kwana guda. A karanta farantin da sinadarin kaɗai ba sel, a ga ko launinsa ne ke wasa da na'ura. Wanda ya tsallake waɗannan sai a gwada shi a ƙarfi 8 zuwa 10, kowanne kashi ɗaya bisa uku na wanda ya gabace shi, a fitar da ƙarfin da ke ba da rabin aiki, wato EC50. Na ivacaftor a kan G551D a sel na FRT kimanin nanomola 100 ne. Sannan a sake samo garin sinadarin sabo, a tabbatar tsarkinsa ya kai kashi 95, domin sau da yawa ƙazantar da ke kwalbar ce ke aikin ba abin da aka rubuta a jikinta ba. Ɗanyen jiƙon ganye kuwa ba shi da EC50 mai ma'ana, tunda sinadarai ɗaruruwa ne a ciki. Sai an rarraba shi kashi-kashi ana bin aikin har a kai ga guda ɗaya, a san siffarsa.

Haske shaida ce ta nesa. Shaidar ido ita ce wutar lantarkin da ke ratsa ƙofar. Hanya ta farko akwatin Ussing ne, wanda masanin Denmak Hans Ussing ya ƙirƙira yana aiki da fatar kwaɗo. Ana shimfiɗa sel a kan matata tsakanin ɗakuna biyu masu ruwan gishiri, a sa amiloride ya rufe kafar sodiyam, a sa forskolin, a sa sinadarin gwaji, a ga tashin wuta, daga ƙarshe a sa mai toshewa a ga ta faɗi. Hanya ta biyu ita ce ta bakin gilashi, wadda ta samo wa Erwin Neher da Bert Sakmann kyautar Nobel a 1991: a manna siririn bututun gilashi a tantani har ya manne gam yadda wuta ba ta zurarewa ta gefe, a riƙa kallon ƙofa ɗaya tal tana buɗewa tana rufewa. A nan ne kaɗai ake raba gardamar ko yawan ƙofofi ya ƙaru ko lokacin buɗewa. Da ita aka nuna ivacaftor yana ninka buɗewar G551D kusan sau shida. Wurin zamansa a jikin furotin kuwa ba a gan shi ba sai 2019, a ɗakin gwajin Jue Chen na Jami'ar Rockefeller, shekara bakwai bayan an fara shan maganin, kuma can tsakiyar kitsen tantanin aka same shi.

Wannan ya bayyana wata matsala da ke bin irin waɗannan magunguna. Abin da zai zauna cikin kitse dole ya so kitse, mai son kitse kuwa ba ya narkewa a ruwa. Ivacaftor bai kai maikurogiram 0.05 ba yake narkewa a mililita guda ta ruwa, kuma kashi 99 nasa manne yake da furotin na jini. Shi ya sa ake shan miligiram 150 duk awa 12 tare da abinci mai maiƙo, wanda ke ninka abin da jiki ke sha sau biyu da rabi zuwa huɗu. A ɗakin gwaji irin wannan sinadari yana manne wa roba da bututu, ka zuba maikuromola 1 amma abin da ya isa sel bai kai haka ba, kuma ragowarsa ta gurɓata gwajin gobe. Hanta tana rushe shi da enzayim CYP3A, kuma rifampicin na tarin fuka, wanda muke amfani da shi sosai a nan, yana zuga wannan enzayim har maganin ya ragu a jini da kusan kashi 89. Duk wanda ke ƙera magani domin mutanenmu bai gwada shi da magungunan tarin fuka da na ƙanjamau ba, bai gama aikinsa ba. Aikin masu sassaƙa sinadari shi ne su canza reshe ɗaya a lokaci ɗaya, su sake gwadawa, ɗaruruwan lokuta. Wani lokaci canjin ɗan ƙanƙani ne: an maye haidurojin tara na ivacaftor da wani nau'in haidurojin mai nauyi, aka sami deutivacaftor da hanta ke jinkirin rushewa, ana shan sa sau ɗaya a rana, an amince da shi cikin wani haɗi a Disambar 2024.

Kada kuma a ɗauka ƙarin buɗewa alheri ne a ko da yaushe. Mu da muka san amai da gudawa mun san ƙarshen CFTR da ya buɗe ya ƙi rufewa. Dafin kwalara yana sa cAMP ya hau ya ƙi sauka a sel na hanji, kulorayid ya yi ta zuba, ruwa ya bi shi, babban mutum ya iya rasa lita guda a awa. Abin da ke ceton sa ma wata ƙofar ce da dafin bai taɓa ba, SGLT1, mai shigar da sodiyam tare da sukari, kuma ita ce sirrin ruwan gishiri da sukari. Diazepam da ake yi wa yaro mai jijjiga yana ƙara yawan buɗewar ƙofar GABA a ƙwaƙwalwa, amma sai GABA ɗin, wato sinadarin ƙwaƙwalwa da ke buɗe ƙofar, na wurin, don haka yana da iyaka. Phenobarbital idan ya yi yawa yana buɗe ƙofar da kansa, shi ya sa ya fi saurin tsayar da numfashi. Retigabine, mai buɗe kafar fotasiyam ta Kv7 domin farfaɗiya, an amince da shi a 2011, ya riƙa sa riƙewar fitsari tunda mafitsara ma tana da irin ƙofar, ya kuma rina fata da leɓɓa da cikin ido, aka janye shi a 2017. Ko gwaji ya yi kyau a jini, marar lafiya ne alƙali. Senicapoc, wanda shi mai toshe wata kafar fotasiyam ne a jajayen ƙwayoyin jini, ya ƙara wa masu sikila jini amma bai rage musu tashin ciwo ba, aka dakatar da gwajinsa a mataki na uku.

Ra'ayinmu shi ne ba CFTR ya kamata mu bi ba. Mun kawo shi ne don hanyarsa a share take. Ƙofar da ta dace da mu tana jikin tsutsa. Ivermectin na makantar kogi yana buɗe kafar kulorayid ta tsutsa ya shanye mata jiki. Praziquantel na tsargiya, wanda ake raba wa 'yan makaranta a kan miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki, an yi shekaru kusan arba'in ana shan sa ba a san inda yake kamawa ba, sai a 2019 ɗakin gwajin Jonathan Marchant a Wiskonsin ya nuna yana buɗe wata kafa ta dangin TRPM, kalsiyam ya kwarara cikin tsutsar ta ƙage. Maganin rabi biyu ne masu kama da hannun dama da na hagu: ɗaya ke aikin, ɗayan ya fi kawo ɗacin da yara ke ƙi. Ba ya kashe tsutsar da ba ta balaga ba yadda ya kamata, kuma shi kaɗai duniya ta dogara da shi wajen maganin tsargiya. Ba ya kuma taɓa tsutsar hanta ta shanu da tumaki, domin tubali guda ɗaya tak ya bambanta a lungun da yake zama. Ga mu da yara masu wanka a madatsun ruwa irin su Zobe da Jibiya da Ajiwa da Sabke, ga mu da dabbobi. Gwajin ma ya fi na CFTR sauƙi: a dasa ƙofar tsutsar tsargiya a sel na HEK293, wani nau'in sel na mutum da ake renonsa a ɗakin gwaji, a shayar da su rinin Fluo-4 mai haskawa idan kalsiyam ya shiga, praziquantel ya zama shaida, sel marar ƙofa ya zama mai ƙaryatawa.

Sinadaran farawa ba sai an saya ba. Ƙungiyar MMV ta Janeba, mai neman magungunan zazzaɓin cizon sauro, ta raba wa masu bincike akwatuna kyauta, irin Pathogen Box mai sinadarai 400. Cibiyar H3D da Farfesa Kelly Chibale ya kafa a Jami'ar Kef Tawun a 2010 ta kai maganin zazzaɓin cizon sauro har gwajin mutane, wanda ya nuna ana iya yi a Afirka. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ta Tarayya da ke Dutsin-Ma da Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina za su iya haɗa hannu a ɗaki guda, su jingina da masu harhaɗa magunguna na Jami'ar Ahmadu Bello da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja wajen tantance siffar sinadari. Ɗaki ɗaya mai aiki ya fi na'urori goma a warwatse cikin kwali.

Mai tsara kasafin irin wannan ɗaki ya fara da wuta, ba da na'ura ba. Akwatin ɗumi in ya mutu dare guda, iskarsa ta fita, ruwan abincin sel ya canza, aikin wata ya tafi. Sola da batir da za su riƙe shi da firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili su ne kashin bayan ɗakin, sannan tulun naitrojin mai ruwa, digiri 196 ƙasa da sifili, domin ajiye irin sel, da tabbacin inda za a riƙa cika shi. Zafin bazara da ke haura digiri 40 yana canza saurin buɗewar ƙofofi, don haka ɗakin karatun faranti sai an riƙe shi a ɗumi guda, in ba haka ba sakamakon safe ba zai yi daidai da na la'asar ba. Bushewar hunturu tana ƙafar da gurabe 36 na gefen faranti, gishirinsu ya ƙaru, su ba da amsar ƙarya. A cika su da ruwa tsarkakakke a yi aiki da 60 na ciki. In an ware 12 ga shaidu, saura 48, sinadarai 400 za su ci faranti tara, a maimaita sau biyu ya zama 18. Ƙurar hunturu tana ɗauke da funfuna, ga kuma maikofilasma, ƙwayar cutar da ba ta dagula ruwa balle a gan ta, sai an gwada duk wata. Da damina kuma DMSO yana shan laimar iska in an bar murfi a buɗe, sinadarin ya kwanta a gindin kwalba, don haka a rarraba shi ƙananan kashi tun farko a daina narkewa ana sake daskarewa.

Ku kuma 'yan jarida, in an kira ku taron shelar sabon magani, ku tambayi sunan furotin da yake kamawa, da EC50, da abin da ya faru a sel marar ƙofar, da ko an gwada shi a kan kafar hERG ta zuciya, wadda taɓa ta ke rikita bugun zuciya har ta kai ga mutuwa. Lambar NAFDAC ta wucin gadi da ake ba maganin gargajiya shaida ce ta cewa an duba illarsa, ba ta tabbatar da yana warkarwa ba.

Matakin da ke bayan faranti, wato gwaji a kan tsutsa mai rai, shi ne inda muka fi Turawa sauƙi. Tsutsar hanta ba sai an yi odarta daga waje ba, mahauta na cin karo da ita a kwata. Da izinin likitan dabbobi mai duba nama, a ciro ta daga bututun matsarmama, a wanke, a sa a ruwan gishiri mai ɗumin digiri 37 cikin fulas, a kai ɗakin gwaji cikin awa ɗaya ko biyu. A ware masu motsi sosai, uku zuwa biyar a kowane ƙarfi, a sa wasu a DMSO zalla, wasu a triclabendazole, maganin tsutsar hanta, domin shaida, kuma wanda zai ba da makin motsin kada ya san abin da ke cikin kowane kwano.

Wassalam.

Naka,
Wasu masu koyar da ilimin harhaɗa magunguna,
Katsina.